Keken Ebbe a Bakin Titi

Ribe, 9 ga Nuwamba

Zuwa ga Gunvor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, iskar teku ba ta gama busar da ke ba. Ni dai gwiwar hagu ta tashi da sanyin bana. Likita ya ce in rage hawa bene, sai ka ce ni na roƙi a yi gidan da bene. Ɗana Troels da matarsa Solvej suna lafiya, jikana Ebbe ya fitar da haƙora biyu. Na zaɓi takarda ne saboda a waya kina katse mutum. Halin gidanku ne, kakarki ma haka take yi wa yayarta, kakata.

Mun je ƙasar nan taku ta Fotugal mun dawo. Ke kika kitsa tafiyar, kika samo wa Troels aiki a kamfaninku na manyan fankokin da iska ke juyawa su ba da lantarki, sannan kika shige jirgin ruwa kika bar mu da mutanenki. Shi ya je ganin wurin aiki, mu kuma muka zama 'yan yawon buɗe ido na mako guda. To na buɗe idon, na gani.

Ba zan tsaya kan ƙananan abubuwa ba. Busasshen kifin nan mai gishiri da suke dafawa safe da yamma kamar an yi musu wasiyya. Ma'aikacin gidan abinci da zai dube ka ya wuce. Rubutun da na gani a bango, wai baƙi su koma gida, alhali da aljihun baƙin ake fentin bangon. Tsofaffin mata da ke zura hannu cikin keken jariri su ja masa kumatu, ba gaisuwa ba izini, Allah kaɗai ya san abin da hannun ya taɓa.

Abin da ya faru a garin Braga shi ne maganar. Troels da Solvej sun shiga kallon coci, na tura Ebbe a kekensa har ya yi barci. Na samu wani shagon kofi, na ajiye keken a inuwa jikin taga, na taka birki, na lulluɓe shi, na shiga na zauna inda nake ganinsa. Abin da kowace uwa ke yi a ƙasarmu ke nan tun kafin a haife ni. Shekara talatin ina malamar jinya mai zagaya gidajen masu jego, ni ke koya musu cewa yaro a waje yake barci, a iska mai kyau, ba cikin hayaniya da numfashin mutane ba.

Ko kurɓa biyu ban yi ba, sai ga wata mai sayar da furanni, gajera, cikin baƙaƙen kaya. Ta leƙa keken, ta dubi gabas ta dubi yamma, ta sunkuci jikana ta rungume, ta kwarma ihu. Kafin in kai ƙofa titi ya cika. Mata sun kewaye ni, kowacce da yatsa a fuskata, wata tana buga goshinta wai ba ni da hankali. Na miƙa hannu a ba ni yaron, matar nan ta juya min baya. Ni, Bodil, a gaban jama'a.

Ɗan sanda ya zo, yaro ƙarami, da ɗan Turancinsa. Ya ce, "Uwargida, a ƙasarku haka kuke zubar da yara a titi?"

Na ce, "A ƙasarmu ba a satar yara."

Ya ce, "Nan ma ba a sata, tunda ba ma barinsu."

Suka kwashe da dariya. Sai da Troels ya zo da fasfo kafin a ba mu ɗanmu, kamar kayan da aka tsinta a tasha.

Na ga mutanen nan ciki da waje, Gunvor. Masu ihu ne, masu shiga sharo ba shanu, ba su yarda da kowa ba domin su kansu ba abin yarda ba ne. Ba za a rene min jika a cikinsu ba. Ke kika buɗe ƙofar nan, ke za ki rufe. Ki gaya wa Troels an ba wani aikin, ko an fasa, duk yadda kika ga ya fi. Maganarki zai ji, tawa ya ce ta tsufa ce.

Taki,
Bodil

Ribe, 12 ga Disamba

Gunvor,

Ina fatan lafiya ce ta hana ki rubutu. Gwiwa na nan yadda take. Na ɗauka shirunki kunya ce, kuma ban ga laifinki ba, ni ma da ƙasata ce aka yi wa baƙo haka da na rasa bakin magana. Amma kunya ba za ta tsayar da Troels ba. Jiya na tarar da Solvej tana koyon yarensu a waya, tana ta fitar da sauti ta hanci kamar mai mura. Ki hanzarta.

Bodil

Viana do Castelo, 15 ga Janairu

Zuwa ga Bodil,

Barka da sabuwar shekara. Ina lafiya, sai kafaɗa da ke min ciwo saboda hawa tsani. Ki ji maganar likita kan gwiwar nan, ki sauko da gadonki ƙasa. Ba kunya ce ta riƙe ni ba, ina can tsakiyar teku muna kafa fanka, jiya na sauka na tarar da wasiƙunki biyu a ƙarƙashin ƙofa. Na karanta ta farko a tsaye, na yi dariya har na zauna. Ki yafe ni, amma na hango ki da jar hular nan taki, mata sun sa ki tsakiya.

Ban ce ba a ci miki fuska ba. An ci. Kuma ba sai kin gaya min halin mutanen nan ba, shekarata tara a cikinsu. Shekarar farko kusan kullum sai na yi kuka, na ce wannan ba ƙasar zama ba ce. Gidajensu da sanyi ciki ya fi waje, bango har gumi yake yi. Mai gyaran famfo ya ce miki gobe, ki sa ran ganinsa bayan bikin Ista. Matan kasuwa sun san ba ni da miji, sun san ba ni da ɗa, kuma kowacce tana da ra'ayi a kai, tana faɗa da ƙarfi kan tiren kifi.

To amma ke kwana nawa kika yi? Mako guda, rabinsa a motar haya. Kin haɗu da mai furanni ɗaya da ɗan sanda ɗaya mai baki, kin yanke wa mutum miliyan goma hukunci. Matar nan me ta gani? Jariri shi kaɗai a bakin titi. A nan ba a taɓa ganin haka ba sai in uwar ta gudu. Ba ta tsaya tambayar ɗan wace ƙasa ne ba, ta bar furanninta ta ɗauke shi. Ke kin kira shi shisshigi. Su a wurinsu wanda ya gani ya wuce shi ne mutumin banza.

Kuma tunda maganar yadda ake karɓar baƙi ce, wa ya watsa wa Jamusawan nan 'yan yawon buɗe ido ruwa da tiyo don sun jingina da furannin ƙofarta suna hoto? Ina wurin, Bodil, bikin cikarki sittin ne. Kika ce kuskure ne, kina murmushi. Kun bar labule a buɗe, kun jera fitila a taga kamar shago, sannan wanda ya leƙa ya zama dabba. Akwai abokin aikina Nuno, an tura shi garin Esbjerg na ƙasarmu horo na wata uku. Babu maƙwabcin da ya taɓa ce masa sannu. Ya zame da keke a kan ƙanƙara, mutane suka riƙa kewaye shi cikin ladabi. Har yau in an ambaci ƙasarmu sai ya ce, "Mutanenku an haife su ne a firiji?" Na gaya masa abin da nake gaya miki, cewa bai san mu ba, hanyar tashar jirgi kawai ya sani. Shi ma bai ji ba. Da zan haɗa ku ɗaki ɗaya in kulle, da na huta.

Akwai maƙwabciyata, Dona Ermelinda, tsohuwa ce mai faɗa. Lokacin da zazzaɓi ya kwantar da ni ta turo ƙofa ba ƙwanƙwasawa, da tukunyar miyar kabeji, tana min faɗa wai na bar taga a buɗe. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na shanye miyar tas.

Ba zan yi wa Troels ƙarya ba. Aikin nasa ne, shi ya cancanta, ba alfarma na yi masa ba. In tsoron kewa ne ke damunki, ki faɗa masa haka a fili, kada ki ɗora wa ƙasa guda laifi.

Taki,
Gunvor

Ribe, 6 ga Fabrairu

Gunvor,

Na samu wasiƙarki, na gode. Ki riƙa shafa wa kafaɗar man zafi. Gadona yana sama inda yake, kuma can zai zauna.

Wa'azin da kika cika takarda da shi ban tsaya kansa ba, wanda ya daɗe a waje dama yakan koma lauyan masu masaukinsa. Jamusawan nan kuwa sun karya min reshe biyu, ba ki rubuta wannan ba. Nunon naki, in ya faɗi bai ce a taimake shi ba, me yake so a yi? A taru a kansa ana ihu, a kunyata shi? Mu mun san mutunta mutum shi ne a ƙyale shi.

Amma gaskiya ta kuɓuce miki a tsakiya, kuma ita na ɗauka. Ranar Lahadi sun zo cin abinci, na yi musu gasasshen nama da jan kabeji. Da aka kawo kofi na ɗauko wasiƙarki na karanta musu inda kika ce kullum sai kin yi kuka, ba ƙasar zama ba ce, bango yana gumi. Na ce ko Gunvor da ta shekara tara abin da ta ce ke nan.

Solvej ta ajiye kofinta ta ce, "Bango yana gumi? To ƙirjin Ebbe fa?"

Na ce, "Ni dai ban ce komai ba."

Troels ya ce, "Mama, ba ni in gani."

Na ce sauran maganar mata ce, na mayar da ita aljihu. Ban ƙara kalma ko ɗaya a kan abin da kika rubuta ba, don haka kada ki ce na yi ƙarya. Solvej ta daina koyon yaren. Ina ganin an gama. Ebbe yana barcinsa a farfajiyar gidana ranar Talata da Alhamis, ƙanƙara na sauka kan rumfar keken, ya farka kumatu jajur. Babu wanda ya taɓa shi, babu wanda ya kira ɗan sanda.

Bodil

Viana do Castelo, 2 ga Maris

Bodil,

Ina lafiya. Ba zan tambayi gwiwarki ba, tunda ta iya kai ki inda kika ajiye wasiƙata ta dawo da ke.

Troels ya kira ni. Ya ce, "Anti Gunvor, me ya sa ba ki gaya min tun farko kina cikin wahala ba?" Na ce wace wahala? Da ya faɗa min, sai na ji kunya ta rufe ni a madadinki. Ina ajiye kwafin abin da na rubuta, halin aiki ne. Na karanta masa duka, daga barka da sabuwar shekara har sunana. Da na zo inda na ce ba zan yi masa ƙarya ba, sai ya ce, "Wa ya ce ki yi min ƙarya?" Na ci gaba da karatuna har ƙarshe. Ba yaro ba ne, ya gane.

Kin ce mutanen nan ba abin yarda ba ne. Mai furannin Braga a gaban idonki ta ɗauki yaron, da rana tsaka, tana ihu kowa ya ji. Ke kuwa a teburin cin abinci kika yi naki, da murya mai sanyi da kofi a hannu, irin namu na masu wayewa. Ki zaɓa da kanki wanne ya fi.

Ya sa hannu a takardar aiki. Za su taso a watan Mayu. Masu haya a gidan da ke jikin nawa sun tashi, na kama musu, kuma na sa an duba bangon. Da kin ce masa, "Ɗana, zan yi kewarku, ina tsoron zama ni kaɗai," da wataƙila ya nemi a ɗaga masa shekara guda, don ya gaya min ya yi wannan tunanin. Yanzu ya ce gara ya yi nisa.

Gunvor

Ribe, 20 ga Mayu

Gunvor,

Lafiya lau nake. Sun tafi jiya, kin yi nasara, sai ki sha giyarsu mai zaƙi ki yi murna. Solvej ta ba ni hannu a ƙofa kamar mai karɓar haraji. Na ba su bargon ulu na keken, Troels ya ce can ba a buƙata. Ki gaya musu kada su sa ran ganina. Ƙafata ba za ta sake taka ƙasar da aka yi min dariya a titi ba. Ba sai kin amsa ba.

Bodil

Viana do Castelo, 11 ga Oktoba

Zuwa ga Bodil,

Gaisuwa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Kin ce kada in amsa, na yi biyayya wata biyar, ya isa. Kowa lafiya. Troels ya yi baƙi, Solvej ta samu aikin rabin rana, Ebbe yana gudu, ƙirjinsa garau.

Ga labarin da na san ba za su ba ki ba, tunda wayarku ba ta wuce yaya yanayi. Solvej 'yar ƙasarmu ce har ƙashi. Satin farko ta fito da keken ƙofar gida bayan abincin rana, ta taka birki, ta koma ciki. Unguwa ta tashi. Dona Ermelinda ta zo tana dukan ƙofata, tana cewa, "Fito ki ga danginki, sun bar jariri a ƙofa! Wannan ciwo ne a jininku?" Na yi mata bayani iya yina, iska mai kyau, barci mai nauyi, duk karatun da kike yi wa masu jego. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Hauka ne." Solvej kuma ta ce ɗanta ne, a waje zai kwanta. Babu wadda ta janye.

Sai tsohuwar ta koma gida ta jawo kujera, ta dasa a gefen keken, ta zauna da kwanon wake tana ɓarewa. Tun ranar haka ake yi. Yaro yana barci a waje irin namu, da mai gadi irin nasu. Mai babur ya zo wucewa ta ɗaga masa yatsa, ya kashe inji ya tura. Har yanzu tana cewa mu mahaukata ne, Solvej na cewa tsohuwar ta cika shisshigi, kuma kullum da yamma suna shan kofi tare suna gulmata.

Abin da ya sa na rubuto shi ne wannan. In Ebbe ya farka, fuskar da yake fara gani tata ce. Ya fara magana, kuma yana kiranta Avo, wato kaka. Shekaranjiya Troels ya ɗauko hotonki ya nuna masa, ya ce, "Wace ce wannan? Ce Farmor." Sunan da kika shekara kina jira a kira ki da shi, kakar wajen uba. Yaron ya dubi hoton, ya dubi ubansa, ya miƙa hannu yana son maɓallin rigarsa. Troels ya mayar da hoton, ya fita tsakar gida ya daɗe.

Ba zai roƙe ki ba, ɗanki ne, kin san inda ya gado. Ermelinda ce ta tambaye ni, "Ina kakar yaron ta gaskiya? Ta mutu ne?" Na ce tana nan, fushi take da ƙasarku. Ta ce, "Da ƙasa? Ƙasa ta san tana yi?" Washegari ta fito da kujera ta biyu. Tana ɗora kwanon wake a kai.

Taki,
Gunvor

Ribe, 24 ga Oktoba

Gunvor,

Na samu. Gwiwa ta matsa, na sauko da gadon ƙasa, kada ki ce komai.

Ban canja ra'ayi ba. Mutane ne masu ihu, kifinsu kuma ba abinci ba ne. Wace irin mace ce za ta ɓare wake a kan yaro yana barci? In ɗaya ya faɗa keken ya sa a hanci fa? Kuma na tabbata tana jibga masa hula da safa a wannan zafin naku.

Akwai abin da ban rubuta miki ba game da Braga. Duk ihun nan da aka yi, Ebbe bai yi kuka a hannun matar ba. Ya kwantar da kai a kafaɗarta yana wasa da ɗan kunnenta. Sai da aka miƙo min shi ya fasa kuka, a gaban kowa. Dariyar ɗan sanda na manta da ita tuni, wannan ne ban manta ba.

Zan sauka filin jirgin Porto ranar takwas ga Nuwamba. Ba ƙasar na zo gani ba, kada a kai ni coci ko ɗaya. Ki gaya wa Troels da bakinki, ni ban san yadda zan fara ba. Zan zo da bargon ulun, ko ana buƙata ko ba a buƙata.

Ki ce wa tsohuwar ta ɗauke kwanonta daga kujerata. Amma ita ta zauna a tata. In ya farka ya ga baƙuwar fuska, gara a samu wadda ya sani a kusa.

Taki,
Bodil